Geron Tsallaken Fadama

Ban ga laifin mutanen Kukar Manu ba da suka yi shekaru suna yi mini dariya. Mace ta ajiye injin jirgin ruwa a ƙuryar ɗakinta, a ƙauyen da ke tsakanin Sule Tankarkar da Gumel, inda in kana marmarin ganin ruwa sai ka leƙa rijiya ka ƙura ido sosai. Injin na mahaifina ne, Barau masunci, shi ne kuma rabona a gado. Da zaman Baga ta bakin tafki ya gagare mu, mijina Habibullah ya ce mu dawo garinsu, na ce masa ko dai a ɗora injin a mota ko a bar ni tare da shi. Aka ɗora. Tun daga ranar da muka sauka sunana Safinatu ya ɓata, na koma 'Yar Ruwa a bakin yaro da babba.

Ban taɓa barin sa ya kwanta ya mutu ba. Lokaci-lokaci nakan fito da shi tsakar gida, in tsoma gindinsa a durom ɗin ruwa, in ja igiya ya yi ta kuka har kaji su haura katanga. Maƙwabta su leƙo su ce, "'Yar Ruwa, yau kuma ina za a?" Ni kuwa in ce musu Makka, ta kan yashi.

Bara Habibullah ya rasu. Ya bar mini 'ya'ya mata uku, babbarsu Rahama, da gona guda a tsallaken fadama. Fadamar tamu suna ce kawai, yashi ne da tumfafiya, amalanke ke ratsa ta ba tare da shanu sun jiƙa kofato ba. Bana na tsaya a kan gonar nan da kaina, daga shuka har maimai, gero kuma ya yi kyan da har masu cewa mace ba ta riƙe gona suka koma gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa. Aka girbe, aka yanke, aka ɗaure dammuna aka jibge a gona, ana jiran amalanke. Sai sama ta ɓalle. Ruwan da ya kamata a ce ya yi sallama ya dawo kamar an tsokane shi, wani kuma ya gangaro daga arewa ya tarar da shi. Kafin mu ankara fadama ta cika ta batse, tsakiyarta ta shanye raƙumi da mahayinsa. Gonakin gari kusan duka suna can tsallake, tawa kuwa ita ce ta fi kowacce kwari. Abincin shekarata da na yarana yana zaune a can, ruwa yana matsowa gindinsa kullum.

Wasu 'yan agaji suka zo da kwale-kwalen katako a bayan mota. Suka sauke, suka ɗauki hoto da Mai Unguwa Manu, suka juya. Babu inji, babu matuƙi. Mazan garinmu suka shiga da gororin tuƙi, jirgi ya yi ta juyi da su wuri guda kamar ƙwarya a randa, da suka ɗan matsa gaba gora ta daina taɓa ƙasa, suka dawo. A ranar ce Mai Unguwa ya tuna akwai wata mahaukaciya mai inji.

Ban ja rai ba, don gerona na can. Na ɗaura musu injin a gindin jirgi, na nuna yadda ake gauraya fetur da baƙin mai, da yadda ake matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo har mai ya hau. Sannan na ce ni zan tuƙa. Dariyar da aka yi har da masu riƙe ciki. Aka ba Abdulfatah ɗan acaba tuƙi, wai ai totur totur ne, ko na babur ko na jirgi. Tankin mai kuwa aka damƙa wa Yaya Ilu, wan mijina, saboda ya yi rabin rayuwarsa yana kai fetur a jarkoki ta Maigatari zuwa tsallaken iyaka, kowa kuma ya shaida mai ba ya zuba a hannunsa. Ni aka ce in koma gida, za a zo kan gonata in layi ya zo.

Ban koma ba. Na tsaya a bakin ruwa ina kallo. Tafiya lafiya lau suka yi, injin yana kuka mai daɗi irin wanda na sani tun ina yarinya. Suka loda geron Mai Unguwa, don shi ne na farko a layi, suka juyo. Suna kaiwa tsakiya na ji muryar injin ta canza, ya yi tari, ya ja numfashi, ya yi shiru. Iska ta fara tura jirgin a kaikaice, ruwa yana lasar bakinsa. Maza shida da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba suka ruɗe da salati, suka shiga jefa dammunan gero a ruwa don jirgi ya yi sauƙi. Can dai injin ya sake tashi, suka iso gaɓa da rabin kaya da idanu jajur. Mai Unguwa ya tsaya yana kallon geronsa yana yawo a kan ruwa.

Aka ɗauko Zaharaddini daga Gumel, makanikin da ke gyaran Keke Napep da injin ban-ruwa. Ba zan ci amanarsa ba, ya yi aikinsa. Ya sauya fulogi, ya kwance kafireto ya wanke ya busa, ya tace man ko da ruwa a ciki. Ya tsoma injin a durom ɗina, ya jona masa tiyo daga ɗan galan ɗinsa da ya rataye a reshen darbejiya, ya murɗa totur har ƙarshe. Inji ya yi ta ruri babu ko gargada.

"Hajiya, injin nan ƙalau yake," in ji shi.

"Ban je ba tukuna," na ce, "amma Allah ya amsa bakinka."

Aka mayar da shi jirgi, aka jona tankinsa, aka sake gwadawa da kaya. Ya sake mutuwa a tsakiya. Wannan karon ba su zubar da gero ba, amma Abdulfatah ya dawo ya rantse ko a mafarki ba zai ƙara taka jirgi ba. Zaharaddini ya goge hannunsa da tsumma ya ce shi abin da ya gani, inji ya tsufa, ringi ya cinye, yana iya ɗaukar kansa amma ba ya iya ɗaukar kaya. Wasu suka ce ba tsufa ba ne, mutanen ɓoye ne na fadama ba sa son a ratsa su da kaya. Mai Unguwa ya yanke hukunci: a ɗaure jirgi a gindin kuka, kowa ya haƙura sai ruwa ya janye.

Sai ruwa ya janye! Masu gona a kan tudu suna iya faɗin haka, su da geronsu zai jira su. Kwanaki suka yi ta wucewa ina zuwa bakin ruwa da safe, ina hango tarin dammunana kamar ɗan tsibiri, kullum yana ƙara gajarta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ji tsoro. Ranar da autata ta tambaye ni ko bana ma za mu ci tuwon gidan Yaya Ilu ne kamar bara, na ajiye muciya na ɗauki mayafi.

Na sami Mai Unguwa a ƙofar gidansa da dattawa. Na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, na zo neman aron jirgi."

"'Yar Ruwa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Makaniki ya ce inji ya mutu."

"Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injin da ringinsa ya cinye ba ya tashi a ja ɗaya, kuma ba ya mutuwa ya farfaɗo da kansa. Wani abu ne ke shaƙe shi, ban dai san ko mene ne ba. Ba zan sani ba kuwa sai ina ciki ya mutu a gabana."

"To wa zai shiga miki? Babu namijin da zan ba umarni ya kai ransa tsakiyar ruwan nan."

"Ba tsakiya za ni ba. A gefe zan yi ta zagaye, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Kuma ban roƙi namiji ba."

Ya dube ni ya dubi dattawa. Ina jin ya ɗauka in ya hana ni zan yi masa kuka a ƙofar gida, sai ya kaɗa hannu ya ce in je in yi wasana, amma kada in wuce gindin aduwar da ke tsaye a ruwa.

Inji ba ya mutuwa sai da nauyi, don haka nauyi nake nema. Na bi gida-gida. Kowace mace a garin nan tana da gayaunarta a tsallake, kuma a layin da maza suka tsara babu inda aka ambaci gayauna. A'i maƙwabciyata ce ta fara tashi, ita da in ta zauna a amalanke sai shanu sun waiwayo. Ta ce, "In dai nauyi kike so, 'Yar Ruwa, kin zo gidansa." Hannatu matar Yaya Ilu ta biyo mu tana waige-waige, wasu ma suka biyo. Da hantsi muka cika jirgi, mata zalla, kowacce ta ƙanƙame gefen katako tana karanto duk addu'ar da ta sani. Maza suka yi layi a gaɓa, an sami abin kallo kyauta.

Yaya Ilu ne ya kawo tankin da kansa. Ya cika shi a gida, ya ajiye mini a gindin jirgi, ya jona tiyo, fuska a murtuke.

"Uwar Rahama, ba don ina so ba. In wani abu ya sami matan mutane, sunan gidanmu za a kira."

"Na ji, Yaya. Na gode da man."

Na matsa ƙwallon roba, na ja igiya, inji ya amsa. Na sa giya na murɗa totur, jirgi ya nutsa gindi ya fara tafiya da kyar, mata suka saki ihu haɗe da dariya. Na yi ta zagaye tsakanin gaɓa da aduwa, kunnena na kan injin. Rabona da riƙe wannan hannu a kan ruwa tun ina budurwa, sai na ji idona ya ciko, na ce iska ce. Muna cikin haka ya fara. Ƙarfinsa ya ragu, ya yi tari irin na mai ƙishirwa, ya mutu.

Gaɓa ta ɗauki sowa. Wani ya ce, "A kawo mata durom!"

Abin da na fara zargi farfela ce. Fadama cike take da ciyawa da igiyoyin wake, na ce ko sun naɗe ta ne in kaya ya danna gindin jirgi ƙasa. Na ɗaure zani na dira cikin ruwa, na laluba da hannu. Farfela tas take, tana juyawa yadda take so. Na hau jirgi jiƙe sharkaf, an ƙara samun abin dariya. Na taɓa kan injin ko zafi ya yi, bai wuce misali ba, ruwan sanyaya shi ma na gan shi yana tsartuwa tun da muka tashi. Na kwance fulogi ina tsammanin in gan shi baƙi ya jiƙe da mai, sai na gan shi a bushe ƙamas. Ashe ba mai ne ya yi masa yawa ba, ba ya samun man ne ma sam. Ga kuma tanki a cike.

Na kai hannu zan matsa ƙwallon roba, sai na ji babu abin matsawa. Ta lafe ta manne kamar an taka ta. Na tsaya ina kallon ta. A'i da ke zaune kusa ta ce, "Ke, wai tankin nan naki dama haka cikinsa yake a lotse? Ɗazu da na jingina ƙafa ba haka yake ba."

Kafin in amsa, Yaya Ilu ya kutso cikin ruwa har ƙugu, don ya ga matarsa a jirgin da ya mutu. Ya kama gefen jirgi yana haki.

"Bari in duba esansin, ko man ya yi ƙasa. Haka nake yi kullum, in na duba na rufe sai ya tashi."

"Kullum in ka duba sai ya tashi?"

"Kullum."

Ya murɗe murfin. Tanki ya ja iska da ƙarfi, fuuu, cikinsa ya buga ya dawo daidai, ƙwallon roba ta kumbura a hannuna ina ji. A ƙarƙashin murfin kuwa ga baƙar leda ninki biyu, an shimfiɗa ta a bakin tanki an ɗaure tam. Na karɓi murfin na juya shi. Ɗan ƙaramin noti da ke samansa, wanda ake sassautawa don iska ta shiga, an ɗaure shi iya ƙarfi, an kuma liƙe kewayensa da sabulu.

"Yaya, wannan fa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin sa gishiri a miya. "Leda mana. Wa yake rufe bido, jarkar mai, babu leda? Wannan ɗan notin kuma yoyo yake, ina jin warin mai ta wurin, shi ya sa na toshe. Ni da na yi shekaru ina ratsa daji da mai, ko ɗigo bai taɓa zuba mini ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk mazan da ke gaɓa da su aka ba tankin haka za su yi. A ƙasarmu mai abu ne da ake rufewa kada ya zube, kada yashi ya shiga, kada a ji warinsa a hanya. Babu wanda ya taɓa ganin tankin da ake so ya sha iska. Na so in yi ihu, na so in yi kuka, don na tuna dammunan Mai Unguwa a kan ruwa da nawa da ke jiƙa tun kwanaki saboda ledar da ba ta kai a saye ta ba. Amma mutumin nan shi ya ciyar da yarana bara.

Na ce a hankali, yadda gaɓa ba za ta ji ba, "Jarka ajiya take yi, Yaya, wannan kuwa shayarwa yake. In mai ya fita iska ba ta shiga ba, sai ya riƙe sauran. In babu kaya inji kaɗan yake sha, shi ya sa yake kai ku. In an yi lodi ya buɗe baki, sai tanki ya hana shi."

Ya zare ledar yana jujjuya ta a hannunsa. Sannan ya ce, "Innalillahi. Ni ne ashe."

"Hau jirgi, Yaya, ruwan da sanyi."

A'i da Hannatu suka jawo shi ciki. Na kankare sabulun da farce, na sassauta notin, na rufe tanki babu leda, na mayar da fulogi, na ja igiya. Na murɗa totur har ƙarshe na bar shi a nan. Muka zagaya, muka sake zagayawa, muka wuce inda ya mutu ɗazu, injin yana ruri bai ko yi tari ba, ƙwallon roba tana cike a tafin hannuna. Sowar gaɓa ta mutu. Da muka zo daidai aduwa na dubi matan, matan suka dube ni.

"Wuce," in ji A'i.

Na wuce. Ina jiyo muryar Mai Unguwa a baya yana kiran sunana na gaskiya, wanda rabon da in ji shi a bakin taro har na manta, ban waiwaya ba. Tsakiyar fadama ta zo, ruwan ya yi duhu, Hannatu ta rufe ido ta kama rigar mijinta. Injin mahaifina ya ratsa da mu kamar yadda ya saba ratsa ruwan da ya fi wannan sau dubu.

Har cikin gonata jirgi ya shiga, don babu sauran gaɓa a wurin. Na kashe inji na dira. Dammunan sama lafiyarsu ƙalau, rana ta busar da su. Muka yi ta miƙawa hannu da hannu ana jerawa a jirgi. Da muka zo na tsakiya sai na ji ɗumi yana tasowa, da wani wari mai tsami. Na ƙasa kuwa, kusan rabin tarin, sun sha ruwa sun ƙoshi. Na ɗago dami ɗaya da kyar, kowace zangarniya ta fito da farin gashi, geron ya tsira a jikinsa. Noman da na yi da ciwon baya, ina goge hawaye da gefen zani kada a gani, ga shi nan ya zama ciyawa. Na zauna a cikin ruwan na yi kuka mai isata, babu wadda ta ce in yi shiru.

Yaya Ilu ya tsaya a kaina. "Uwar Rahama, bar wannan. Ba ya tuwo, ba ya iri. Abin da ya ragu ni zan cika miki daga rumbuna, ni na jawo."

Na share fuska na miƙe.

"Rumbunka na iyalinka ne, Yaya. A'i, kama mini nan."

"Me za ki yi da geron da ya tsira?"

"Zan shanya shi a kan rufi in niƙa. Tsiro ai shi ne zaƙin kunu. Duk ranar kasuwar Sule Tankarkar za su sha kunun zaƙin da ba su taɓa shan irinsa ba, in auno wa yarana tsaba da shi. Ni na shuka abina, ko zangarniya ɗaya ba zan bar wa ruwan nan ba."

A'i ta tattare zani ta kama ɗaya gefen. Damin ya yi nauyin mutum, ruwa yana zuba daga jikinsa, muka ɗaga shi tare muka dire a jirgi. Yaya Ilu ya sunkuya ya ɗauko na biye.